Shiga Neriak da fuskar aro

Neriak gari ne a ƙarƙashin ƙasa cikin EverQuest, wasan kwamfuta da mutane da yawa ke bugawa tare ta intanet, kuma ƙofarsa ɗaya ce tal. Mutanensa su ne Teir'Dal, jinsin Elf masu duhun fata da farin gashi. A labarin wasan, Innoruuk, gunkin ƙiyayya, shi ya sace sarkin Elf da sarauniyarsa, ya azabtar da su shekara 300 har suka rikiɗe, daga su kuma aka sami wannan jinsi. To garin da asalinsa ke nan, ba sai an gaya maka irin marhabin da yake yi wa baƙo ba.

Wasan ya fito ne a watan Maris na 1999, amma ni ina buga shi a Project 1999, sabar da masoya wasan suka kafa a 2009 don su mayar da shi yadda yake a farkon zamaninsa. A can babu taswira cikin wasa, babu kibiyar da ke nuna maka hanya. In aka kashe ka, za ka farfaɗo tsirara a inda aka ɗaure ranka, wato wurin da aka ƙayyade maka na dawowa, kayanka duka suna jikin gawarka a inda ta faɗi, kuma an zabge maka wani abu daga makin gogewarka. Ɗan wasana, wato wanda nake sarrafawa a cikin wasan, mutum ne daga birnin Freeport, mai sihirin rufa-ido. Abin da ya kai ni Neriak shi ne abin da ke kai kowane mai wannan sana'a yawon duniya: takardun sihirinmu ba a shago ɗaya ake sayar da su ba, an warwatsa su a garuruwa daban-daban, wasu a wurin mutanen kirki, wasu a wurin waɗanda za su yanka ka kafin ka gama sallama.

Shirin ya fara ne tun ranar da na ƙirƙiri ɗan wasan. Wani tsohon hannu ya ce mini kada in zaɓa masa kowane gunki daga gumakan wasan, in bar shi ba ya bin kowa. Dalili kuwa, kowane mazaunin gari da kwamfuta ke sarrafawa yana auna ka ne da abu huɗu: jinsinka, sana'arka, gunkin da kake bi, da abin da ka taɓa yi wa ƙungiyarsa. Rufa-ido yana canza na farko kaɗai. Wanda ya ɗauki Mithaniel Marr ko Erollisi Marr, gumakan mutanen kirki, ko ya sa fuskar Teir'Dal, wannan zaɓin yana biye da shi har cikin Neriak. Wannan shawara ita ce mafi tsadar abin da aka taɓa ba ni kyauta a wasan.

Kafin in bar Freeport na tabbatar a nan raina yake ɗaure. Na kai yawancin kuɗina da kayan da ba zan so in rasa ba banki, na riƙe abin da zai ishe ni sayayya. Ajiyar banki a wannan wasa ɗaya ce ko'ina, abin da ka ajiye a wannan gari za ka same shi a wancan, amma ban so in dogara da bankin Neriak ba, don kowane tsayawa a garin ƙarin haɗari ne. Sai zaɓen sihiri. Guda takwas kawai mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda, kuma in kana son canza ɗaya sai ka zauna ka buɗe littafi, littafin kuwa yana rufe allon gaba ɗaya. Ba a tsakiyar garin abokan gaba ake wannan ba. Na ɗauki sihirin ɓacewa, wanda ni da abokaina muke kira layar zana, da na rikiɗa zuwa Teir'Dal, da Gate mai mayar da mutum inda aka ɗaure ransa, da mai daskarar da maƙiyi a tsaye, da mai ɗaure ƙafa, da Alliance mai ɗan sassauta zuciyar wanda aka jefa wa. Sauran gurabun na cika da na kariya.

Daga ƙofar yamma ta Freeport sai East Commonlands, inda 'yan wasa ke cin kasuwa a cikin wani kogo. A nan na roƙi wani mai sihirin daji ya jefa mini Spirit of Wolf, wato ruhin kerkeci, sihirin da ke ƙara gudu, na ba shi ɗan abin goro. Daga nan na yi arewa zuwa dajin Nektulos.

Nektulos duhu ne, kuma mutum a wannan wasa makaho ne da dare. Teir'Dal kuwa suna gani a duhu tamkar da rana, kuma alherin rikiɗar shi ne tana zuwa da idonsu. Ina shiga dajin na matsa gefe na jefa ta, nan take itatuwa da hanya suka bayyana cikin wani shuɗin haske. A dajin akwai ƙwarangwal da sauran matattu masu yawo, su kuwa layar zana ba ta aiki a kansu, suna ganinka sarai. Akwai wata laya dabam don su, amma ba a haɗa biyun a jiki ɗaya. Saboda haka a dajin fuskar aro ta fi amfani, don dogaran Neriak da ke sintiri a hanya su ne babbar barazana, ba ƙwarangwal ɗin da sabon shiga ke koyon faɗa a kansu ba.

A nan na fara aikin da na yi ta yi har na fita daga garin, wato duba yadda ake kallona. Za ka danna F8 ka saita mazaunin da ya fi kusa, ka rubuta /con, wasan ya gaya maka abu biyu. Launin rubutun yana nuna ƙarfinsa a kanka. Dogaran Neriak ja wur suka fito mini, kuma saƙon da ke zuwa da ja tambayarka yake me kake so a rubuta a kan kabarinka. Kalmomin kuma suna nuna matsayinka a wurinsa, hawa tara ne: daga wanda ya ɗauke ka aboki na ƙut da ƙut, zuwa mai fara'a, zuwa wanda bai damu da kai ba, zuwa mai ɗari-ɗari, zuwa mai shakkarka, har zuwa biyun ƙarshe, mai harara da mai ɗaure fuska yana shirin kai hari. Waɗannan biyun na ƙarshe in sun gan ka, sun taso. Mai shakka ba zai taɓa ka ba, amma in ɗan kasuwa ne ba zai sayar maka da ko allura ba.

Akwai tarko a cikin wannan dubawa. In kana sanye da layar zana, duk wanda ba ya ganinka zai nuna bai damu da kai ba, ko da kuwa shi ne ya fi kowa ƙinka. Amsar ba ta gaya maka yana sonka ba, ta gaya maka bai gan ka ba ne. Amfaninta ta ɗaya gefen yake: in kana ɓace amma wani ya nuna harara, to wannan idonsa ya ratsa layar, ka canza hanya. Da fuskar aro kuma babu laya, sai na duba dogarin farko daga nesa, iyakar inda zan iya saita shi. Ba harara. Na matsa kaɗan na sake dubawa, sannan na wuce ta gabansa ina tafe kamar ɗan gari.

Yanzu ga abin da ya sa Neriak ya fi sauran garuruwan mugaye wahala. Yanki uku ne a jere: Foreign Quarter, sai Commons, sai Third Gate. Na farko ne kaɗai ke haɗe da daji, na uku kuwa ba shi da wata mafita sai ta na biyu. Kuma a wannan tsohon tsari, duk lokacin da ka tsallaka iyaka daga yanki zuwa yanki, rikiɗarka tana faɗuwa. Allo zai tsaya yana lodi, in ya dawo ga ka nan da fuskarka ta ainihi, mutumin Freeport a tsakiyar Teir'Dal. Layar zana ita tana tsallaka iyaka tare da kai. Sai dai jefa kowane sihiri yana karya ta. Ka ga ke nan kowace iyaka tana da jerin matakanta, kuma ba a sauya musu wuri: kana gab da iyaka ka jefa layar zana, ka tsallaka a ɓace, ka nemi lungun da babu ido, ka jefa rikiɗa, layar ta karye amma fuskar ta hau. Tsakanin fara jefawa da hawan fuskar akwai 'yan daƙiƙu da kake tsaye a fili ba laya ba fuska. Duk tafiyar Neriak a kan waɗannan daƙiƙun take.

Sa'ar da aka yi, mashigar farko rami ne mai lanƙwasa, kuma a wasan nan bango yana tare gani. Na tsallaka, na juya kyamara da F9 don in leƙa bayan kwana ba tare da na fito ba, na ga ba mai tahowa, na jefa. Ta hau.

Foreign Quarter ita ce Sabon Garinsu, unguwar da aka ware wa baƙi a bakin gari don a yi ciniki da su ba tare da an bar su sun kutsa ciki ba. A nan ake ganin Troll na garin Grobb da Ogre na garin Oggok, manya-manyan halittu masu cika lungu, da shagunansu da wuraren shaye-shayensu. A babban wasan ma, lokacin da jinsin kwaɗi na Froglok suka ƙwace Grobb a 2003, nan Troll suka yi gudun hijira. Abin da ya fara ɗaukar idona shi ne fitilun. Garin kogo ne baƙi ƙirin, amma an zana alamu da rubuce-rubuce masu walƙiya a bango, ja da shuɗi da shunayya. Masu zanen wasan a 1999 ba su da kayan aikin yau, amma har yanzu ban ga garin da ya kai wannan kwarjini a wasan ba. Waɗannan alamun su na mayar da su alamar hanya, domin lunguna suna kama da juna. Akwai /loc mai ba ka lambobin inda kake tsaye, sai dai yana fara kawo lambar arewa da kudu kafin ta gabas da yamma, abin da ke rikita duk wanda ya saba da lissafin makaranta. Ina da taswirar shafin EQAtlas da aka zana da hannu a buɗe a wayata, ina duba lamba ina duba zane.

Kafin in je, a raina Neriak abu ɗaya ne: gari ya ƙi ka ko ya karɓe ka. Ashe ƙungiyoyi ne birjik, kowace da nata littafin. Dogaran waje, Dreadguard Outer, lissafinsu dabam da na dogaran ciki, Dreadguard Inner. Masu shaguna 'yan Dark Bargainers ne. Mayaƙa suna ƙarƙashin Indigo Brotherhood, ɓarayi Ebon Mask, masu hidimar gunki suna da tasu. Masu sihiri irina ana kiransu The Spurned, wato waɗanda aka wulaƙanta, masu tsafi da matattu kuma The Dead. Waɗannan biyun ba sa ga maciji: yi wa ɗaya aiki yana rage maka daraja a wurin ɗayan. A sama kuma Sarki Naythox Thex da Sarauniya Cristanos Thex kowa na jan nasa ɓangaren, The Dead suna bayan sarauniya. Ma'anar wannan ga mai tafiya ita ce dogarin da ya bar ka ka wuce bai yi maka alkawarin komai ba game da wanda ke bayan ƙofa ta gaba. Kowace sabuwar fuska sai an duba ta. Har ɗan asalin garin akwai gidajen da ba ya shiga gaba gaɗi. Jinsin Iksar kuwa, masu kama da ƙadangare, duk da su ma mugaye ne, kashe su ake a nan kamar kowane baƙo.

A iyakar Commons na maimaita matakan nan. Commons ita ce cikin gari: banki, maƙera, gidan mayaƙa da ake kira Cauldron of Hate, da hasumiyar masu sihiri, Tower of the Spurned. Hasumiyar na nufa. Na duba mai shagon, ya nuna zai yi ciniki, na buɗe kayansa. Farashi a wasan yana bin kwarjinin ɗan wasa da matsayinsa a wurin mai shago, masu sana'ata kuwa da kwarjini muke taƙama, don haka ban sha tsada ba. Abu ɗaya: ba a ciniki a ɓace. Wanda ba ya ganinka ba zai sayar maka ba, saboda haka mai laya kaɗai, ba fuska, yawon buɗe ido kawai zai yi ya fito. Na sayi abin da na samu na zuba a jaka. Ban tsaya kwafe su cikin littafi ba, wannan aikin gida ne.

Ina cikin hasumiyar intanet ɗina ya fara ja da baya, rubutun hira ya tsaya cik. Duk mai buga irin wannan wasa daga wajenmu ya san wannan faɗuwar gaba. In layi ya yanke, ɗan wasanka ba ya ɓacewa nan take, yana nan tsaye a duniyar na ɗan lokaci ba mai riƙe da shi. Ya dawo kafin ya kai ga haka. Amma shi ya sa tun farko na zaɓi lokacin da batirin kwamfutata yake cike kuma layi ya fi sauƙi, kuma shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya kwana da ɗan wasansa a ciki. Ko fita ta ƙa'ida tana buƙatar ka zauna daƙiƙa 30.

Matsalar gaske a iyakar Third Gate ta same ni. Layar zana a wannan wasa ba ta da tsayayyen wa'adi, tana iya daɗewa, tana iya karyewa jim kaɗan bayan an jefa ta. Na tsallaka a ɓace, ina neman lungu, sai ga saƙon da kowa ke tsoro, cewa na fara bayyana. Yana ba ka 'yan daƙiƙu ne kawai. Gate yana ɗaukar lokaci kafin ya kama, kuma duka ɗaya na iya katse shi. Abin da ya fi kusa shi ne iyakar da na baro, mazauna wasan kuwa ba sa bin mutum su tsallaka iyaka. Na juya da gudun kerkecin da na saya a kogo. Wani dogari ya taso, ya same ni sau ɗaya a baya, kusan rabin raina ya tafi, sai allo ya tsaya yana lodi. Ban taɓa jin daɗin ganin wannan allon kamar ranar ba. A ɓangaren Commons babu kowa a kusa, na jefa rikiɗa, na zauna ƙarfina ya dawo, na ba dogarin can lokaci ya koma wurin tsayuwarsa, sannan na sake ɗaura laya na koma. A karo na gaba ta riƙe.

Da an kashe ni a can, da aiki ya same ni. Gawar tana ƙarshen yanki na uku, ni kuma ina Freeport ba ko takalmi. Mai sihiri yana da sauƙi kaɗan, don littafinsa yana tare da shi, zai iya sake haddace sihirinsa ya dawo. Mayaƙi kuwa sai ya nemi wani Teir'Dal, ya ba shi izini da /consent, shi kuma ya riƙa jan gawar da /corpse har bakin iyaka. A Project 1999 doka ta hana mutum buga 'yan wasa biyu lokaci guda, saboda haka dole mai jan gawar ya zama wani ɗan Adam na gaske da ya yarda ya bar abin da yake yi. Abin mamaki, ana samu. Na sha ganin masu buga mugayen jinsi sun fi kowa saurin amsa irin wannan kira.

Third Gate ita ce unguwar manya. Nan ne Spires of Innoruuk, gidan bautarsu, da zauren Ebon Mask, da ɗakin littattafai, da Lodge of the Dead. Na shiga ɗakin littattafai na gama sayayyata. Gidan The Dead kuwa daga nesa na hango shi, ban matsa ba. A idonsu duk mai sihirin rufa-ido ɗan ɗaya ɓangaren ne, kuma babu abin da nake nema a wurinsu da ya kai a gwada.

Ba kowa ke da rikiɗa ba, kuma akwai wasu hanyoyin. Ɓarawo yana da sanɗa: in ya lallaɓa ta bayan mai shago, mai shagon zai ɗauke shi kamar wanda bai damu da shi ba, har a yi ciniki. Shi da mawaƙi suna iya sa Mask of Deception, abin rufe fuska da ake samowa a kogon Lower Guk, mai ba da siffar Teir'Dal. Mai faɗa da hannu yana iya faɗuwa ya yi kamar ya mutu har dogari ya gaji ya tafi. Sai doguwar hanya, wato neman fada na gaskiya. A dajin Nektulos akwai gajerun mutanen Halfling na rundunar Leatherfoot, kashe su yana faranta wa dogaran Neriak, amma kana yi kana rufe wa kanka ƙofar garinsu Rivervale. Akwai kuma wani magatakarda a ɗakin littattafai da ke karɓar jan giya, kowace kwalba tana ɗan ɗaga ka a wurin 'yan kasuwa da dogarai. Mutane na ɗaukar jaka cike su je su yi ta miƙawa. A ganina wannan ya dace da wanda zai riƙa zuwa kullum ne, wanda sayayya ɗaya ta kawo shi asarar kuɗi da lokaci zai yi.

Fita da ƙafa na nufin tsallaka iyaka uku a jere, kowace da faɗuwar fuska, ta ƙarshen kuma tana sauke ka a Nektulos kusa da masu gadin ƙofa. Ban ga dalilin hakan ba. Na sami lungu a bayan ɗakin littattafai, na duba babu mai tahowa, na jefa Gate. A Freeport na sauka da fuskata ta mutum, domin Gate ma tsallaka yanki ne, rikiɗar ta faɗi da kanta. Wanda ya jefa ta a East Commonlands don ya ga hanya da dare shi ne zai yi hattara, don Sergeant Slate, dogarin Freeport, na sintiri a can, kuma abin da dogaran Neriak ke yi wa mutum shi yake yi wa duk mai fuskar Teir'Dal. Na zauna a gidan masu sihiri na Freeport na kwafe takardun cikin littafi ɗaya bayan ɗaya, sannan na fara duba taswirar Oggok, don akwai sauran sayayya a can.